Saje Manjo da Ƙafar Hafsoshi

Har na bar aikin gashin ƙashi ba zan manta da ranar da Baba Ayuba ya shigo sashenmu a asibiti a Zuru ba. Tsohon soja ne daga Dabai, ya yi ritaya yana saje manjo, wato babba a cikin kurata amma ƙasa da hafsoshi. Matarsa Mama Rifkatu ce ta taso shi gaba, yana tafe a karkace, kafaɗar dama ta fi ta hagu tsawo.

Damuwarsa ɗaya ce. Tsofaffin sojoji za su yi fareti, shi aka ba tuta, kuma sun ce in bai miƙe ba za a miƙa ta ga wani kofur da ya taɓa yi wa horo.

A aikinmu, kafin ka taɓa majiyyaci sai ka ga zamansa. Na ba shi kujera. Yana zama ya ɗora ƙafar dama kan ta hagu, ya kishingiɗa. Mama ta ce haka yake yini a ƙofar gida tun da ya ajiye kaki. Na yi masa bayani cewa yawan wannan zama yana ɗaga ƙugu gefe guda, gadon baya ya lanƙwashe, kafaɗa ta bi.

Ya ce, "'Yata, duk rayuwata ina tsaye a ƙame, hafsoshi suna harɗe ƙafa suna shan shayi. Yanzu lokacina ne."

Wallahi ya ba ni tausayi. Na gasa masa bayan, na koya masa motsa jiki, na roƙe shi. Duk zuwan da zai yi, ƙafar na bisa 'yar'uwarta. Maganar farar hula ba ta shiga kunnensa.

Ran nan haushi ya kama ni. Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Saje Manjo! Ƙafa ƙasa!"

Dim! Tafin ƙafa ya daki siminti, ƙirji ya fito, haɓa ta ɗaga. Sai da ya gama ƙamewa ya tuna wadda ta ba da umarnin. Mama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Sake faɗi, 'yata, in riƙe da kyau."

Ta kuwa riƙe. Ta gaya mini ranar Lahadi a coci ta hango shi ya harɗe, ta sakar masa tsawar daga layin mata. Maza rabin benci suka sauke ƙafa tare, har da mai wa'azi, wanda ashe shi ma tsohon soja ne.

Baba ya ɗauki tutarsa a miƙe, kofur yana bayansa.

Ku da kuke sababbi a wannan aiki, ku san cewa gwiwa da ƙugu duk iri ɗaya ne, masu su ne suka bambanta. Ku fara gano muryar da majiyyaci yake ji. Ni dai Baba bai yafe mini ba. Ya ce ya yi ritaya daga hannun gwamnati, ni kuma na naɗa masa kwamanda a gida.