Tattasan Kaka Hamsatu da Tiyon Maƙwabta

"Wai kilim ɗin gidan Ummukulsum, na'urar sanyin nan, shi ne yake fitsari a ɗaki?" in ji wata cikin matan unguwa.

"Har kan darduma! An ce sammu ne."

"Wane sammu? Je ki tambayi tsohuwar bayan katanga."

Tsohuwar bayan katanga ita ce Kaka Hamsatu. A bakin Komadugu aka yanke mata cibi, can wajen Bosso, a gonar tattasai kuma ta yi furfura. Da zaman ƙauye ya gagara, ɗanta Goni ya kawo ta Diffa, gida mai siminti ko'ina. Ba ta yi ƙorafi ba, amma hannunta ya yi ta ƙaiƙayin ƙasa.

Wata rana ta ga tiyon na'urar sanyin maƙwabta ya leƙo ta katanga yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ruwa yana zuba ba mai shi! Ta sa aka ɓalle simintin wurin, ta dasa irin da ta ƙullo a bakin zane. Ba a jima ba tattasai ya yi fure.

Sai dai a gonar tattasai ba a ban ruwa da tsakar rana. Toshe bakin magudana ake yi da laka, a buɗe da la'asar. Haka Kaka ta yi wa tiyo, ta cusa laka har da dannawa da ɗan yatsa. Ruwa ya rasa hanya, ya koma inda ya fito.

Khalil mai gyaran sanyi ya hura tiyon ta ciki iya ƙarfinsa. Laka ta yi tsalle, fat, ta faɗa a kwanon Kaka.

"Kaka, wannan aikinki ne?" in ji shi ta saman katanga.

"Nawa ne. Ajiye ruwa nake."

"A ina?"

"To, ba rijiya a cikin abin?"

Ummukulsum ta shigo da darduma jiƙe a kafaɗa. "Khalil, juya tiyon nan cikin gidana, na huta."

Kaka ta dubi tattasanta. Gwiwarta ba ta ɗaukar bokiti, famfo kuma sai ya ga dama. Ba ta roƙa ba. Ta tsinko ɗanyen tattasai guda, ta fasa, ta kai wa Ummukulsum hanci.

"Ɗiyata, shaƙi. Na kasuwa yana wannan ƙamshi?"

Ummukulsum ta shaƙa, sannan dariya ta ƙwace mata. "Kaka, kin ci ni. Amma laka da tiyona, haram!"

Khalil ya ɗaga bakin tiyon daga ƙasa, ya rataye shi kan wani tsohon bido, wato jarkar ruwa. Ya ce ruwa ya taru a nan, ta yi ban ruwa lokacin da ta so. In ɗigo ya tsaya, a hura, ko a zura siririyar waya, don zanzaro ma yana gini a ciki.

Kaka ta dubi bidon, ta dubi ɗan filin da ya rage kusa da madafi.

"Khalil, maigidana, kafin ka sauko, ƙara mini tsawon tiyon nan ya kai can. Ina da irin kuɓewa."