Na Ce Wa Baba Faifan Ba Shi Da Murya

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, kuma ni kaɗai ce mace cikin masu kula da kwamfutoci a biron da nake aiki, wato ofishinmu, a nan Damagaram. Na sha kallon raini tun ina lakwal, makarantar boko, shi ya sa na ɗaura wa kaina cewa ba namijin da zai taɓa jin na ce ban iya ba. A shekarar ce na cire tsarin da kowa ya saba da shi daga kwamfutata ta hannu, na sa Linux, wanda kyauta ake samunsa kuma kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Na zama kamar mai wa'azi a kansa. Duk wanda ya kawo mini kukan birus ya cinye masa takardu sai in yi masa dariya, in ce da ya bi shawarata da bai gamu da haka ba. Akwai wani dattijo a biron, wanda ya riga mu fara aiki da tsarin tun da daɗewa, mai shiru-shiru, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa komai ba, don kada a ce a wurinsa na koya.

Muna zaune a Zango ni da mahaifina, shekara biyu bayan rasuwar Inna. Baba ɗan kasuwa ne na dabino da kanwa, amma a lokacin ya bar fita, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Akwai wani abu tsakaninsa da Inna da duk muka tashi muka sani amma ba mai ambatawa. Tana da garka a Gidimuni, bakin tabki, gadon mahaifinta, mai rake da dabino. Shekarar da kasuwa ta juya wa Baba baya ya matsa mata har aka sayar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba, sai dai daga ranar ba ta ƙara taka Gidimuni ba, ko sunan garin ba ta ƙara kira a gabansa ba har ta koma ga Allah.

Wata rana ƙanwar Inna ta zo gaisuwa, ana hira sai ta ce ai ranar bikin yayata mai ɗaukar hoto ya tsayar da Inna a tsakar gida ya ce ta yi magana, kuma ita da kunnenta ta ji ta ambaci Baba da Gidimuni, amma guɗa da kiɗa sun hana ta jin sauran. Na ga yadda hannun Baba ya tsaya cak a kan carbi. Faifan bikin da kowa ya kalla waƙoƙi aka ɗora masa daga farko har ƙarshe, ba a jin maganar kowa. Amma mai hoton ya ba da faifai na biyu, ɗanyen abin da ya ɗauka kafin ya gyara, wanda ba wanda ya taɓa kulawa da shi. Na same shi a ƙasan akwatin Inna, naɗe cikin tsohon kallabi. Na'urar kallon faifai ta gidanmu ta daɗe da mutuwa, maƙwabta ma duk sun koma kallo a waya. Na ce wa Baba kada ya damu, wannan aikin minti biyar ne a wurina.

Bayan la'asar na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na sa faifan. Kwamfutar ta yi ta ƙugi, ta ƙi buɗewa. Irin wannan tsarin ba ya zuwa da duk abubuwan da ake buƙata don karanta faifan bidiyo, sai mutum ya sauko da su daga intanet da kansa, na san da haka, amma ban taɓa yi ba. Kwana uku ina fama, wutar kuran na ɗaukewa, intanet na yankewa, bayanan da nake samu kuma yawancinsu da Turancin Ingilishi, ni kuwa Faransanci na karanta. Rana ta huɗu hoto ya fito. Ga tsakar gidanmu cike da mata, ga Inna cikin lafaya ruwan toka, tana gyara mayafi tana dariya. Na yi kuka na ce Baba ga ta nan. Ya matso har goshinsa na neman taɓa allon, ya ce in ƙara murya. Na ƙara har ƙarshe. Ba ko tari. Bakinta na motsi, tana nuna wani wuri da hannu, tana rufe fuska don kunya, amma shiru kake ji. Hoto kuwa ba abin da zai yi wa mutumin da ba ya gani.

Na ɗauka lasifika ce, na yi ta kwance-kwance da sake-sake har na ɓata sautin kwamfutar gaba ɗaya, na sake gyarawa. Sati biyu kullum in na dawo aiki, kafin in aje jaka zai tambaye ni ko an dace. Ya ce in hau kabu-kabu in kai wa masu tura finafinai a kasuwa, na ce za su karce faifan su lalata. Ya ce to in tambayi abokan aikina, ai ba a rasa wanda ya sani. Nan ne zuciyata ta ƙi. Na hango kaina tsaye gaban mazan nan da na gama yi wa dariya, ina roƙon aron kwamfutarsu don tawa ta kasa buɗe faifan biki. Washegari da ya sake tambaya, ina gajiye, sai na ji bakina na cewa na bincika sosai, mai hoton ne bai ɗauki murya ba, faifan ba komai a cikinsa sai hoto. Wallahi ina faɗa ina sane da cewa ƙarya nake, domin na ga a jikin bayanin faifan an rubuta akwai sauti, har da tsawonsa. Niyyata in samu sarari in gyara a natse, in ba shi mamaki.

Sai ya ce, "To, haka Allah ya so. Ke dai kin yi ƙoƙarinki, Allah ya yi miki albarka." Bai ƙara tambayata ba. Amma kowace yamma sai ya ce in kunna masa wurin da take magana. Yakan zauna ya ɗora tafin hannunsa a gefen allon, hasken na wasa a fuskarsa, ya ce in gaya masa yadda fuskarta take. Ko tana murmushi? Ko ta ɓata rai da ta zo daidai nan? In ce tana dariya, Baba. Sai ya ce ai ita ko ranta a ɓace yake dariya take yi a gaban baƙi. Da ya daina matsa mini, ni ma sai na sassauta. Kullum in ce gobe zan zauna a kai, gobe ta zo wani aiki ya taso.

Ana haka aka tura ni Dakusa aikin kwana uku. Da safe na durƙusa na yi masa sallama, ya ce in bar masa faifan kusa da shi, na sa masa ƙarƙashin matashi. Rana ta biyu da hantsi wayata ta yi ƙara, yayana ne, ya ce in taho gida. Kafin in iso an kai Baba makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in na koma aiki. Ban san abin da ya tura ni ba, na ɗauki kwamfutar da faifan na aje gaban dattijon nan na biro, na ce hoto na fitowa, murya ba ta fitowa. Bai yi dariya ba, bai ko ɗago ya dube ni ba. Ya ce ai wannan kowa na gamuwa da shi, irin sautin da ke kan faifan ne ba a sa abin karanta shi ba. Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya rubuta layi ɗaya, muka jira abin ya sauko. Ko shayin da ke gabansa bai huce ba. Sai guɗa ta cika biron, sannan muryar Inna, da 'yar shaƙewar nan tata da na fara mantawa. Ta gode wa baƙi, ta yi wa amarya addu'a, sannan ta dubi mai hoton, ta ambaci Baba yadda ta saba kiransa, ta ce: "Wannan kuma na Malam ne. Garkar Gidimuni da ita aka yi karatun yaran nan, ga shi yau ina aurar da ɗaya, ƙaramar kuma tana can tana koyon injin nan. Ni na daɗe da yafewa, kunya ce ta hana ni faɗa masa ido da ido. Sai ya ji a faifai." Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, daidai wurin da Baba ke tambayata ko ta ɓata rai. Dattijon ya tashi a hankali ya fita, ya jawo ƙofa.

Yau shekara huɗu ke nan. 'Yan'uwana sun ji muryar, sun yi kuka, sun ce Allah bai nufa Baba ya ji ba, suna yi mini godiya da na gyara. Ba wanda ya san abin da na faɗa masa. Na yi istigfari, ina yi musu sadaka su biyun, amma abin bai sake ni ba. In na shiga shago na tarar da tele a kunne an kashe murya, mutum na magana ba a ji, sai in fita ba tare da na sayi abin da ya kawo ni ba. Wani lokaci ina tsakar aiki sai in ji kamar daga bayana an ce, an dace? In waiwaya, ba kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne albarkar da ya sa mini a kan ƙarya, da zuciya ɗaya, yana tausayin wahalar da na sha.

Ban rubuto don in ɓata tsarin da nake aiki da shi ba, har yau shi ne a kwamfutata, kuma laifin ba nasa ba ne. Na rubuto ne don masu irin halina, waɗanda suka san wani abu kaɗan har suke jin nauyin cewa ban sani ba. In abu ya gagare ku, ku tambaya tun mai jiran yana da rai, ko da wanda za ku tambaya zai yi muku dariya. Kada ku ɗora wa kayan mutane laifin kasawarku don ku huta da tambaya. In kuma akwai wani tsohon faifai ko kaset a gidanku da wani dattijo ke son ji, ku aje abin da kuke yi ku nema masa hanya yau. Ni na samu hanyar cikin minti biyu, amma a ranar ba wanda zan kai wa.