Yadda Mai Kayan Miya Ta Koya Mini Tarihin Sarakuna

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, akwai wani kwas da ya riƙe mini wuya. Tarihin duniya ne na tsakiyar zamani: sarakuna, yaƙe-yaƙen cin ƙasa, da matafiyan da suka riƙa jefa kansu cikin teku suna neman hanya. A aji biyu na faɗi shi. Na sake zama a aji uku, na sake faɗuwa. Dama ɗaya ta rage mini, in na kuskure ta 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni ina sintiri a makaranta wata shekara guda.

Ba wai ba na karatu ba ne. Hadda nake yi, irin ta mai haddace lambobin waya. In na shiga ɗakin jarrabawa sai sunaye da shekaru su cakuɗe mini. A zama na biyu sai da na ɗauko wani sarkin Mongol na ɗora shi a gadon sarautar Ingila, na kuma cika shafi biyu ina bayanin adalcinsa, ko kunya babu.

Ban gaya wa kowa a gida ba. A unguwar Ali Kazaure da ke Jos muke zaune, mahaifiyata kuma kayan miya take sayarwa a wata rumfa a Dilimi. Tun rasuwar mahaifinmu, da tumatir da attaruhu ta riƙe mu har na kai jami'a. Duk wanda ya tsaya sayen albasa sai ya ji labarin 'yarta mai karanta tarihi. Da wane baki zan ce mata tarihin ne ke neman kayar da ni?

A lokacin gwiwarta na damunta, don haka duk ranar da ba ni da lakca nakan je in taya ta zama. Wata Asabar ruwan Jos ya tsuge tun hantsi, irin wanda ba ya sauri ba ya tsayawa. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Na koma bayan kwanduna na buɗe takarduna ina ta gunguni da Turanci.

"Wa kike zagi ne tun ɗazu?" in ji mahaifiyata.

Na ce karatu nake yi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai karatu da fuskar mai ciwon haƙori ba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, na kwashe komai na gaya mata. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓen tumatir daga cikin mai kyau, can ta ce, "To, ba ni labarin. Da Hausa. In ji abin da ya gagare ki."

Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. A nan na gane cewa shekara biyu ina ɗauke da kalmomin da ban san abin da ke cikinsu ba. Da ƙyar na lalubo labarin sarkin Mali da ya tafi aikin hajji, ya ratsa Masar yana rabon zinariya har darajarta ta faɗi a can. Ina cikin in'ina ina neman yadda zan fassara mata dalilin faɗuwar, ta katse ni.

"Wannan ai ba sai an fassara ba. Kin tuna ranar da motocin tumatir suka sauka gaba ɗaya, muka riƙa roƙon mutane su ɗauki kwando? Shi ke nan. Ya yi kyauta ya samu lada, amma masu sayar da zinariya ba su raka shi da addu'a ba."

Na yi dariya har na ƙware. Abin da na yi wata guda ina haddacewa, ta kwance shi tana tsintar tumatir.

Daga ranar abin ya zama mana al'ada. Kullum na zo sai ta ce, "Yau wane sarki ne da mu?" Sharaɗinta ɗaya: ba duba takarda. Dole in karanta in fahimta tun a gida, don tambayoyinta ba su da tausayi. Wa ke dafa wa rundunar abinci? Da suka ci garin, ina matan garin suka nufa? Uwarsa tana raye ya yi wannan ɗanyen aikin? In na ce ban sani ba sai ta ce in je in tambayo, kamar dai sarkin yana zaune nan kusa a unguwar Nasarawa Gwom.

Ranar da na ba ta labarin sarkin Turkawa da ya ci birnin da yau ake kira Istanbul, har ta manta da mai sayen tattasai a tsaye. Na gaya mata yadda mutanen birnin suka datse bakin mashigin ruwa da ƙatuwar sarƙa, shi kuma ya sa aka shimfiɗa gumagumai aka shafe su da kitse, aka jawo jiragen ruwa ta kan tudu aka sauke su a bayan sarƙar.

"Shekarunsa nawa?" ta tambaya.

Na ce ashirin da ɗaya.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kin girme shi ke nan. Shi ya haura da jirgi kan dutse, ke kwas ɗaya ya hana ki barci."

Gefen rumfarmu akwai wata dattijuwa Kirista 'yar asalin Filato, mai sayar da dankalin Turawa da kabeji da ake kawo mata daga ƙauyensu. Duk layin Maman dankali ake ce mata. Shekara da shekaru suna zaune gefe da gefe da mahaifiyata. In lokacin sallah ya yi ita ke duba mana kaya, ranar Lahadi kuma mu ke lura da buhunanta. Da farko daga wurinta take saurare, daga baya ta jawo kujerarta kusa. Ita ba ta son sarakuna masu yaƙi. Duk wanda na ambata sai ta ce, "Wannan ma ɓarawo ne, rawani kawai ya samu."

Rigima ta tashi ne ranar da muka iso kan matafiyan teku. Na yi musu bayanin yadda Turawa suka matsu su sami hanyar zuwa Indiya don sayen kayan ƙamshi, har wani ya ce in ya miƙe yamma zai ɓullo gabas, ya je ya ci karo da wata nahiya dabam, ya kuma dage shi Indiya ya isa.

Mahaifiyata ta ɗaga ƙullin masoro da kanumfari daga tire. "Duk wahalar nan saboda wannan?"

Na ce saboda shi. Ta girgiza kai ta ce namiji ne, ya ɓata hanya kuma ba zai tambaya ba.

Sai na ƙara da abin da na karanto a daren jiya, ina jin kaina. Na ce ai kafin wannan tafiyar babu tumatir a duk faɗin ƙasar nan. Babu attaruhu, babu tattasai, babu barkono. Gyaɗa, rogo, masara, duk daga waccan nahiyar aka kawo su.

Mahaifiyata ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ke, ki ji tsoron Allah. Kakata da barkono na same ta. Masara kuma sunanta ma ya gaya miki daga Masar take."

Na ce wataƙila ta can ta biyo kafin ta iso mu. Na juya wajen Maman dankali na ce, "Mama, har dankalinki. Ba ma na Turawan ba ne, su ma samo shi suka yi a kan wasu duwatsu masu sanyi kamar namu."

Ta dafe ƙirji. "Dankali na? Wanda babana ya noma, ni na noma? Yarinya, wannan makaranta naku a duba shi."

Kafin la'asar magana ta zagaye layin. Mai nama ya zo, mai manja ta zo, kowa da hujjarsa. Tambayar da ta fi damun kowa ita ce wadda mahaifiyata ta yi: to in babu waɗannan, da me mutanen dā suke miya? Na ce ban sani ba. Ta ce ita za ta sani.

Ita da Maman dankali suka yanke cewa ranar Lahadi, bayan Maman ta taso daga coci, za a yi girkin mutanen dā a gidanmu. Aikina shi ne in tsaya a bakin murhu in hana duk abin da ya tsallako teku shiga tukunya. Ban taɓa samun mulki irin na ranar ba. Mahaifiyata ta ɗauko man gyaɗa, na ce a mayar. Ta jawo gwangwanin yaji, na ce akwai barkono da ƙuli-ƙuli a ciki. Ta ce to kabewa fa, na ce ita ma baƙuwa ce. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Wai ni a gidana akwai ɗan gari kuwa?"

Akwai su, ashe da yawa. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa da citta da kimba, ta kwarara man shanu. Maman dankali ta iso sanye da kayan cocinta, da tukunyar gwaten acca a kai, wanda ta yi da yakuwa da gauta. Ta dire ta tana cewa, "Wannan dai babu jirgin da ya kawo shi. In kin ce akwai, ni da ke ne." Na ce babu, acca tamu ce tun fil azal. Ta yi 'yar rawa a tsakar gida, maƙwabta suna leƙowa suna dariya, daga baya suka shigo da kwanukansu.

Muna cikin ci mahaifiyata ta tambaye ni mutanen da suka fara noman tumatirin, me ya same su. Na gaya mata gaskiya: an ci ƙasashensu da yaƙi, an rushe daulolinsu, cututtukan da baƙin suka zo da su sun kashe da yawa, daga baya kuma aka riƙa kwasar mutane daga nahiyarmu ana kai su can bauta. Ta mayar da lomarta cikin kwano. Sannan ta ce, "Allah sarki. Shekara talatin ina cin abinci da guminsu, ban ma san da su ba." Maman dankali ta ce Allah dai ya san su. Aka ci gaba da miƙa kwano.

Ranar jarrabawa na buɗe takarda. Tambaya ta uku ta ce a tattauna yadda tafiye-tafiyen teku suka sauya rayuwar duniya. Na yi murmushi ni kaɗai har mai tsaron jarrabawa ya matso ya duba ƙarƙashin teburina. Na rubuta sarakunan da suka ɗauki nauyin tafiyar da abin da suke kwaɗayi, na rubuta waɗanda aka ci da yaƙi, na gangaro har kan tiren kayan miya a Dilimi. Sai da na nemi ƙarin takarda.

Da sakamako ya fito, malamin kwas ɗin ya aika a kira ni ofis. Dattijo ne marar yawan fara'a. Ya ce shekara biyu yana karanta shirmena, yana so ya san wane littafi na samu a bana. Na ce, "Malam, wajen mahaifiyata na yi lesin. Kayan miya take sayarwa." Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya ce in gaishe ta, in kuma gaya mata ta ci maki mafi yawa a ajin.

Da na kai mata saƙon a rumfa, ba ta ce mini sannu ba. Leƙawa ta yi ta ƙwala wa Maman dankali kira ta ce, "Mun ci." A ranar duk wanda ya sayi tumatir sai da aka yi masa gyara har ya ji kunya.

Yanzu ni ma tarihi nake koyarwa a wata sakandare. Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba shi da yawa, amma ya riƙe ni: duk abin da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata da Hausa ta gane ba, ban san shi ba tukuna. Na kuma daina yi wa mutanen da ba su shiga aji ba kallon waɗanda za a koya wa abu kawai.

Ta bar zuwa kasuwa yanzu, gwiwar ta ci ƙarfinta, amma ba ta bar ni na huta ba. Kwanan baya na ba ta labarin wani sarkin Mali da aka ce ya bar gadon sarauta ya shiga tekun yamma da jiragensa don ya ga ƙarshen ruwan. Bayan kwana biyu ina tsakiyar aji sai ga kiranta. Na fita da sauri, na zaci jikin ne.

"Wai mutumin nan ya dawo kuwa?"

Na ce, "Mama, babu wanda ya sani."

Ta ce, "Haba. Mutum da iyalinsa? Ki dai ƙara bincikawa."