Harƙiya a Kan Littafina

A daminar farko bayan an sauke tutar Turawa, ni ne magatakardan kwamitin taimakon masu jinya na garinmu, wani ƙaramin gari tsakanin Illo da iyakar Dahome. Ba don na fi kowa sani aka ba ni ba. Cikinmu mu biyar ni kaɗai ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, shi ma na shiga ne da furfura a gemu. Wata bakwai na yi kafin hannuna ya daina rikita ba da da. Malaminmu yakan ce bai taɓa ganin mai nawa irina ba, bai kuma taɓa ganin wanda ba ya fashi irina ba.

Asalin kwamitin, wata mata ce ta shekara shida tana jinyar mijinta, sai ita ta riga shi. Da muka dawo daga maƙabarta muka tarar da shi kwance yana tambayar wa zai juya shi. Abin ya tsaya wa mutane a rai. Kowa na zuwa gaida marar lafiya, a kai masa kunu, a yi masa addu'a, amma wanda ke ɗaga shi yana wanke shi ba mai tambayarsa ko ya sa wani abu a ciki. Sai aka zaɓi mutum biyar su riƙa duba irin waɗannan. Ba a biyanmu komai. Mata kan je su yi wa mai jinya daka da ɗiban ruwa, wani ya zauna da marar lafiya don mai jinya ya samu zuwa kasuwa ko masallaci. Da damina kuwa babban aikin shi ne gayya: kowace Lahadi maza su fita su nome gonar mutum ɗaya, kwamiti ne ke cewa ga gonar da za a shiga.

Shugabanmu wani dattijo ne mai sayar da goro, muna ce masa Baba. Akwai maƙerin garin, mutum mai ƙarancin fata a kan komai. Akwai ladan, wanda ba ya magana sai an zo addu'a. Sai Gwaggo mai banda, wadda ke ɗaukar busasshen kifi ta kai kasuwannin tsallaken iyaka, tana jin Dendanci kamar Hausa. Ita da Baba taubasai ne, don haka ba ya buɗe baki ta bar shi ya rufe lafiya.

Aikina shi ne ran Laraba in zaga gidajen masu jinya in ji halin da suke ciki, in rubuta, ran Juma'a bayan an sauko in karanta a rumfar Baba. Gidajen mata tare da Gwaggo muke zuwa, ta shiga ciki ta jiyo, ta fito ta faɗa mini. Na maza ni kaɗai nake shiga. A aji kuwa lokacin muna kan shifta, kullum malam na cewa, rubuta abin da kunnenka ya ji, kada ka ƙara, kada ka rage. Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Akwai wani magidanci ɗan shekara talatin ko kusa, yana jinyar mahaifinsa da ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ta tafi gidan iyayenta a tsallake don haihuwar fari, ba shi da ɗan'uwa namiji, tsohon kuma ba ya yarda kowa ya wanke shi sai ɗansa. Gonar geronsu ita ce abincinsu na shekara, tana can nesa wajen iyaka, inda ba kowa ke bi ba.

Na je gidansa Laraba ta farko, na zauna a zaure, na buɗe littafi a gwiwa, na lashi bakin fensir.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Kawu."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Gona fa?"

"Mun gode Allah."

Na rubuta duka uku, harafi bayan harafi, yana jirana har na gama. Na fito ina jin daɗin ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ran Juma'a na karanta: ba gajiya, da sauƙi, gona an gode Allah. Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, a wuce gaba. Aka ba wani gayya. Laraba ta biyu haka, ta uku ma haka.

Yau in na tuna sai in rasa yadda mu biyar muka yi wannan. Ba jaririn da bai san cewa ko rai na fita, in an ce ina gajiya, ba gajiya ake cewa. Amma a lokacin takarda sabuwar aba ce a wurinmu. Abin da ya fito daga cikinta sai mu ji shi da nauyi kamar maganar alƙali. Gaisuwa ce na ɗauko daga zaure, da na karanta ta daga littafi sai ta zama shaida.

Juma'a ta uku ina cikin karatu Gwaggo ta iso a makare, ƙafafunta duk laka. Ba ta yi wa kowa sannu ba. Ta kwance bakin zanenta ta zube mini ciyawa a kan littafi, harƙiya ce da saiwarta da ƙasarta.

"Magatakarda, karanta muna wanga."

Na ce, "Gwaggo, wannan ai ciyawa ce."

"Ashe kana gane ta. Daga gonar mai ba gajiya na cirota. Hanyar da na saba bi ruwa ya cinye, shi ya sa na ratsa ta can. Harƙiya ta kai mini gwiwa, geron sai na duƙa na nema. Ko noman fari ba a yi ba."

Baba ya ce, "To ai shi da bakinshi ya ce..."

"Kai ma, bawana, ran da jaki ya kayar da kai cikin kasuwa, da munka ce ina gajiya mi ka ce?"

Ladan ya sunkuyar da kai yana dariya a ɓoye. Ni ban iya dariya ba. Ina kallon ƙasar da ta ɓata mini shafi, ina lissafin sati uku na ruwa a kan gonar da ba a taɓa ba.

Maƙeri ya ɗauki ciyawar ya juya ta. Ya ce geron da ya kwana haka a ƙarƙashin harƙiya ya riga ya shaƙe, a bar wahalar da mutane. Gwaggo ta ce gonar da aka yi wa alkawarin jibi maimai ne kawai take jira, sati ɗaya ba zai kashe ta ba. Baba ya yarda da wannan, amma ya kawo wata. Ya ce ba a shiga gonar magidanci da fartanya ba da bakinsa ba. Mutum ya ce lafiya lau sau uku, in muka kwashi gari muka je, mun tona masa asiri ne. Sai duk suka juyo suna dubana.

Na kai littafin gida na ajiye, na tafi gidan magidancin hannu sake. Na tarar yana ƙoƙarin fito da tsohon daga ɗaki zuwa inuwar rumbu, ya rungume shi ta baya, ƙafafun na jan ƙasa. Na kama ƙafafun. A nan na fara sanin nauyin mutumin da ba ya iya taimakon mai ɗaukarsa.

"Kawu, yau ba Laraba ba. Ina littafin?"

"Na bar shi ya huta."

Na zauna na karɓi mafici ina kore wa tsohon ƙuda. Ban tambayi komai ba. Zama ba ya yi mini wuya, ko a aji abin da na fi kowa ke nan. Ɗan ya jingina da rumbu yana ba ni labarin matarsa ta sauka, an samu mace, bai je ba tukuna. Bai ƙarasa maganar ba barci ya ɗauke shi, baki buɗe. Na bar shi. Na ba tsohon ruwa, na gyara masa matashi sau biyu. Sai da ladan ya kira la'asar ɗan ya farka a firgice yana ba ni haƙuri.

Na ce, "Yaushe rabonka da gona?"

Ya buɗe baki zai ce an gode Allah, na ga maganar ta ƙi shiga wurin. Ya dubi mahaifinsa, ya tashi ya ja ni zaure.

"Tun ran da na yi shuka. Na leƙa sau ɗaya da ya tsiro. In na bar tsohon ya daɗe, sai in tarar ya ɓata shimfiɗa shina kuka. Kullum sai ya tambaye ni an yi noma, in ce an yi."

Na gaya masa abin da Gwaggo ta gani, na gaya masa laifin nawa ne, ni na kai wa kwamiti cewa ba ya bukatar kowa.

"Kawu, gaisuwa ka yi mini, na amsa maka gaisuwa. Da mi zan amsa?"

Na ce jibi Lahadi ce, mutane na nan, bakinsa kawai ake jira. Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa a ƙasa. Can ya ce abin da manya suka gani shi ne daidai, amma don Allah kada a fita da makaɗa. In ganga ta ratsa gari tsohon zai tambayi gonar wa za a, wani kuma zai faɗa masa.

Haka muka yi gayya ba kiɗa, abin da ban taɓa gani ba. Maƙeri ya yi ta mita a hanya, wai mun yi kama da masu zuwa satar rogo. Gonar ta fi yadda Gwaggo ta faɗa muni. Kusa da gindin shuka dole aka ajiye fartanya aka sa hannu, don ƙaramin gero da harƙiya sai an lura ake bambanta su. Da muka gama bayan azahar, abin da ya rage tsaye rawaya ne, siriri kamar tsinken tsintsiya. Maƙeri ya share gumi ya ce, "To, mun dai yi wa ciyawa aski."

Sai ruwa ya ɗauke. Kwana biyar rana kamar ta fasa dutse. Ina zuwa aji amma ba na jin abin da malam ke faɗa, ido na kan gabas. Larabar da ta zo na je gidan, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na buɗe littafi na tambaye shi sau nawa ya tashi jiya don juya tsohon, me ya ci tun safe. Ya amsa, na rubuta. Ba wanda ya ambaci gona a cikinmu.

Rana ta shida da hantsi hadari ya haɗo daga wajen kogi, aka yi ruwa har magudanai suka cika. Na ƙara kwana uku, sannan na je na ce masa ya tafi ya gani da idonsa, ni zan zauna da tsohon. Da ƙyar tsohon ya yarda na ba shi kunu, yana harara ta da ido ɗaya.

Rana ta karkata kafin ya dawo, laka har ƙwauri. Ya tsaya a bakin zaure ya yafito ni da hannu.

"Kawu, ya tashi. Wajen kwari ya mutu, amma tudun duk ya yi kore. Har ya fara fitar da 'ya'ya a gindi."

Na zauna a dakali. Ban san na kwana tara da dutse a ƙirji ba sai da aka ɗauke shi. Shi kuma ya shige ciki, na jiyo shi yana gaya wa mahaifinsa labarin gona da ƙarfi, wane gefe ya fi kyau, ina ruwa ya kwanta, yaushe za a yi maimai.

Maimai ɗin ma mu muka yi masa. Da kaka ta zo rumbun bai cika ba, ya dai wuce rabi. Da shi da ɗan kifin da Gwaggo ke aika musu suka ga wata damina, su huɗu, har da jaririyar.