Makunnin Kaftin

Ku da kuka san Baba Saje kun san babu mai rai a gidansa da bai ba muƙami ba. Tun da ya tuɓe kaki ya dawo Zuru ya mai da gidanmu bariki. Marigayiya mahaifiyarmu Kanar ce. Zakaran gida Kofur ne. Ko Fasto, ranar da ya ja wa'azi har tuwo ya huce a gida, Baba ya tare shi a ƙofar majami'a, ya ƙame, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau na cire maka igiya ɗaya."

Ƙanwata Ladi kuwa hawa kawai take yi. Ta gama makaranta, Laftana. Ta samu aiki a Abuja, Manjo. Ni Rifkatu, ɗiyarsa ta fari, wadda ta yi aure a bayan katangarsa, Kurtu ce. Na haihu, na yaye, na aurar, furfura ta fito mini, ina nan Kurtu. Kullum safe ni ke zuwa da kunu da tsintsiya, in share ganyen mangwaron maƙwabcinmu Malam Audu da ke zubowa tsakar gidan Baba. Abin da nake samu shi ne, "Kurtu, kin makara." Ko igiya ɗaya, jama'a! Abin da nake nema a wurinsa ke nan, ba gona ba, ba zane ba.

Ana nan sai ga kwali daga Abuja. Aka buɗe, ga wani jan abu mai dogon baki kamar bindiga, da doguwar waya a bayansa. Injin hura ganye ne. A sa shi a wuta, a danna makunni, ya yi ta feso iska yana kora shara. Ladi ta bugo waya ta ce, "Baba, don Yaya Rifkatu ta huta na saya." Ladi, na san za ki karanta wannan, kuma na san da zuciya ɗaya kika yi. Amma wannan maganar Baba bai ji ta ba sam. Abin da ya ji shi ne Manjo ta aiko da makami.

Ya zagaya abin, ya shafa shi, ya sara masa. Ya ce, "Kaftin."

Na ce, "Baba, yau fa ya zo."

"To?"

"Ni tun ina budurwa nake share gidan nan."

Ya ɗaga ɗan littafin da ke cikin kwalin ya kaɗa mini. "Shi da takardunsa ya zo. Ke ina naki?"

Na ɗauki kwanon kununa. Aka yi wa Kaftin gado a kan tebur, aka rufe shi da tsohon bargon soja, wanda ko jikokinsa ba ya bari su taɓa.

Matsalar Kaftin ɗaya ce, ba ya motsi sai an kawo wuta, kuma kun san halin wutar garinmu. Saboda haka Baba ya bar ƙwan fitila a kunne dare da rana a matsayin ɗan gadi. Wata rana wanzami yana masa aski a ƙofar gida, an gama rabin kai, sai ƙwan ya kama. Baba ya yi tsalle, kumfa a kunne, zane a wuya, yana ihu, "A ba da hanya!" Ya rarumi Kaftin, ya tattara ganyen tsakar gida kaf, ya ɗaga bakin Kaftin sama, ya mayar da su ta kan katanga.

Malam Audu yana zaune yana shan fura. Sai ga shi ya leƙo, ganye a hula, ganye a ƙwarya.

"Haba Saje! Wace irin maƙwabtaka ce wannan?"

"Kayanka na mayar maka, Malam. Ni ba na cin amana."

"To mangwaron da ke faɗowa gidanka fa? Ban taɓa ganin ka mayar ba."

Baba ya kashe injin, ya gyara tsayuwa. "Ganye naka ne. Mangwaro kuwa fursunan yaƙi ne."

Malam Audu ya yi dariya har ya ƙware. Da rabin kai Baba ya wuni, don wanzamin ya gaji da jira ya tafi.

Da kaka ta yi, aka kawo dawarsa daga gonarsa da ke Dabai, aka sussuke. Mu mata muka ɗauko faifai da ƙorai za mu sheƙe, muna jiran iska ta taso. Baba ya fito da Kaftin a kafaɗa, ya ce zamanin jiran iska ya wuce, yanzu iska ce ke jiran umarni.

Na ce a hankali, "Baba, iskar nan ta yi ƙarfi."

"Kurtu ba ya ba da shawara. Zuba!"

Na ɗaga ƙwarya na zuba. Wayyo! Ƙaiƙayi ya tafi, dawa ta bi shi, ɗankwalin wata maƙwabciya ya bi bayansu. Kajin unguwa ba su taɓa ganin biki irin na ranar ba. Muka tsaya fari fat, muna atishawa, muna susa. Baba ya dubi ɗan abin da ya rage a tabarma, ya gyaɗa kai ya ce, "An rasa wasu sojoji, amma an ci yaƙi." Ni na duƙa ina tsintar dawa a ƙasa har bayana ya ƙage. Da yamma na ji shi yana gaya wa Malam Audu cewa ɗiya irin Manjo sai an tona.

Daga ranar ne makunnin Kaftin ya fara gardama. A danna, shiru. A sake dannawa, ya yi tari ya mutu. Baba ya ɗaure shi da robar tayar keke, ya yi aiki kwana kaɗan. Ya cusa tsinken ashana a gefe, ya ɗan motsa. Ya yi masa tsawa, ya yi barazanar sauke shi zuwa Laftana. Daga ƙarshe Kaftin ya yi shiru gaba ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar tuwona ya yi daɗi.

Na ce a kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya ce, "Farar hula ba ya taɓa kayan soja." Na ce to a gaya wa Ladi. Ya zaro ido. "Ki gaya wa Manjo makami ya lalace a hannuna? A fareti za a tsire ni!"

Sai na koma tsintsiyata, shi kuma ya koma yabon Kaftin. Mutane su shigo su ce, "Kai Saje, gidanka tas!" Ya ce, "Aikin Manjo ne, daga Abuja take share mini gida." Ina tsaye, tsintsiya a hannuna, ƙura a gira.

Wata ranar Lahadi bayan sujada a majami'a Ladi ta bugo. Na ji muryarta tana cewa, "Baba, injin yana nan lafiya?"

"Lafiya lau! Kina son ki ji shi?"

Ya miƙo mini wayar, ya yi mini alama in riƙe ta nesa kaɗan. Tsohon nan ya cika kumatu, ya murɗe baki, ya fara: "Vuuuuuuu!" Har da ɗaga murya da saukewa, kamar yana zagaya tsakar gida. Da numfashinsa ya ƙare ya karɓi wayar yana haki.

Ladi ta ce, "Baba, kamar ƙararsa ta canza."

"Iskar Zuru ce ta shige shi. Ya fara jin yarenmu."

Da ya ajiye wayar sai na ga ya zauna ya yi tagumi. Abin ya dame shi da gaske. Baba a sashen masu gyaran janareto ya yi aikin soja, ya san waya kamar yadda na san murhu, amma ido ya yi rauni, hannu yana rawa, ƙananan noti sun fi ƙarfinsa. Haushi nake ji, amma uba uba ne. Na ce, "Baba, kai ka ba da umarni, ni in zama hannu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kin iya riƙe sukundireba?"

"Na iya cire ƙaya a ƙafar yaro yana kuka."

"To shimfiɗa tabarma."

Abu na farko, ya sa na zare wayar daga soket, na kawo masa kanta ya riƙe a hannunsa. Ya ce wuta ba ta san an ɗauke ta ba, tana iya dawowa ba sallama. Na kwance notunan mariƙin ɗaya bayan ɗaya, ina zuba su a murfin kwano don kada kaji su haɗiye. Da na raba mariƙin biyu, me za mu gani? Ƙaiƙayi! Cike maƙil, ya dunƙule a bayan makunnin kamar sheƙar tsuntsu, har da ƙwayoyin dawa.

Na ce, "Baba, ga sojojin da aka rasa."

"Ba surutu a bakin aiki."

Na share da tsohon burushin haƙori, na hura da baki. Ya sa na duba wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa in an danna, na ce sun yi baƙi. Ya ce in kankare su a hankali da ɗan guntun sanfefa har su yi haske. Akwai kuma wata jar waya da ta yi sako-sako a mazauninta, na mayar da ita na ɗaure. Wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, sifirin, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera, muka yi ta rarrafe ni da tsoho muna nema, yana zagin kakannin wanda ya ƙera shi. Muka rufe, muka zauna jiran wuta. Da ƙwan ya kama, ya danna. Kaftin ya yi ruri har zakara ya haye katanga.

Baba ya yi ta murna kamar yaro. Ni kuma na tsaya, hannuna baƙi ƙirin. Na ce yau kam igiyata ta zo. Ya juyo, ya buɗe baki, ya ce, "Kai, Manjo ta iya zaɓen kaya! Dubi yadda ya tashi!"

Na wanke hannuna, na ɗauki tsintsiyata, na tafi da ita gidana. Washegari na aika masa kunu, ni ban je ba. Jibi ma haka. Na ce tunda iskar Abuja ta warke, ta share, ta gaishe shi, ta tambaye shi yadda ya kwana da ƙafa. Ina jin rurin Kaftin ta bayan katanga, ina ci gaba da wankina.

Ba a rufa mako ba sai ga sallama a ƙofata. Baba ne, da sandarsa, Kaftin a rungume cikin bargo. Mutumin da bai taɓa shiga gidan suruki ba tun da aka kawo ni.

"Kurtu, makunnin ya sake lalacewa."

Na shimfiɗa tabarma, na kwance notunan. Biyu ma a karkace suke, an ɗaura su da hannu mai rawa. Na buɗe. Babu ƙaiƙayi, ƙarafan suna ƙyalli. Amma jar wayar nan da na ɗaure da hannuna an yanke ta gida biyu, yanka mai kyau, sumul.

Na dube shi. Shi kuma ya dubi sama yana nazarin gajimare.

"Baba, wa ya yanke wannan?"

"Ɓera."

"Ɓera mai almakashi?"

"Ɓeran bariki ne. An horar da shi."

"Har ya mayar da noti?"

Ya murza kan sandarsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin nan yana share gida, ban ce ba ya yi ba. Amma ba ya cewa ina kwana."

Na ce tunda yau bakinsa ya buɗe, bari in tambaya. "To Baba, in haka ne, me ya hana ni igiya ɗaya tsawon shekarun nan? Zakara ma Kofur ne."

Ya ja tsaki. "Ke ba ki san soja ba. Duk wanda aka ƙara wa girma, ɗauke shi ake yi a kai shi wani bariki. Na ƙara wa Ladi, ga ta can Abuja, sai murya. Na ƙara wa uwarku, aka kai ta inda ba a dawowa." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke kam ba mai ɗauke mini ke. Kurtu kike, Kurtu za ki zauna. Gobe kada ki makara."

Na ce, "In haɗa wayar?"

"Bar ta. Kaftin ya yi ritaya."

Haka na ci gaba da shara har safiyar da na je da kunu na tarar ba mai ce mini na makara. Kaftin yana ɗakina yanzu, cikin bargonsa, wayarsa a yanke. Ladi ta ce in kai a gyara in riƙa amfani da shi, na ce a'a, umarni ne. Kuma Manjo, ki yi haƙuri, har gobe in na tuna an ba injinki muƙami rana ɗaya sai in ja tsaki.

Ya Ubangiji, ga tsohon sojanka nan ya iso wurinka. Ka gafarta masa taurin kai, ka ba shi hutawa kusa da Kanar ɗinsa, a inuwar da ganye ba ya zuba. Mu da muka rage ka riƙe mu da zumunci. In lokacina ya yi, ka sa in same shi a bakin ƙofa, ko da abin da zai ce shi ne, "Kurtu, kin makara." Amin.