Sanduna Uku da Na Riƙe wa Baba

Shekarar da council, wato hukumar gari, ta sallami Baba daga aiki, ni ma a shekarar kwantiragina ya ƙare a uni, jami'ar da nake aiki. Na gama digirin dakta a fannin ƙarafa, na ɗan yi aiki a ɗakin gwaji, sai aka ce an rage kuɗin bincike, ba za a sabunta wa kowa ba. Ina zaune a wani ƙaramin flat a unguwar Aston, cikin Birmingham, ba ni da wurin zuwa da safe. Kullum in cika takardar neman aiki, kullum amsar iri ɗaya ce, in ma an amsa.

Baba ba mahaifina ba ne. Mutumin Jos ne, Kirista, ya daɗe a Manchester. Lokacin da na fara zuwa ƙasar don karatu, a gidansu na Old Trafford na sauka, suka ba ni ɗakin 'yarsu da ta yi aure ta koma Birmingham. Matarsa, wadda nake kira Mama, ta ware mini tukunya, ta kuma nemo mahaucin da zan yarda da namansa tun ban tambaya ba. Shekara biyu na yi a wurinsu. Aikin Baba shi ne kula da ciyawa a filin golf na council, irin filin da kowa ke iya shiga ya buga ba sai ɗan ƙungiya ba. Ya fi shekara goma sha biyar yana yanke ciyawar nan, yana ba ta ruwa, yana sauya wa ramuka wuri. Bai taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya. Ba shi da sandar buga wasan, kuma yana jin nauyin ya ara a wurin mutanen da yake yi wa gyara.

Wata ranar Talata da hantsi ya kira ni.

"Dakta, kana aiki ne?"

Na ce, "A'a Baba, ina gida."

"To, ka ji sun sallame mu. Filin ma za su rufe shi ƙarshen summer, kafin sanyi ya shigo, wai ba su da halin riƙe shi. Ina so in sayi sanduna in zagaya shi sau ɗaya kafin su sa kwaɗo. Na manyan kamfanoni sun fi ƙarfina. Akwai masu araha, amma ban taɓa jin sunansu ba. Kai da ka karanta ƙarfe, zo ka duba mini, kada a sayar mini da gwangwani."

Rabon da wani ya nemi ilimina a kan wani abu an yi watanni. Washegari na hau bas zuwa Manchester.

Shagon da ake sayar da sandunan yana bayan wasu tsofaffin ɗakunan ajiya, kusa da wani garejin gyaran mota. Mai shagon dattijon Bature ne, ya san Baba tun a fili. Yana da kaya na ƙananan kamfanoni uku, ya ce daga kowanne zai ara mana sanda ɗaya mai lamba bakwai, wadda masu koyo suka fi farawa da ita, mu gwada mu dawo da su. Sunayen kamfanonin ba su zauna mana a baki ba, sai muka riƙa kiransu da launin robar mariƙinsu: ja, shuɗiya, baƙa.

Muka wuce wurin koyon bugu, inda ake sayen kwandon ƙwallaye mutum ya yi ta bugawa cikin wani fili mai raga. Baba ya cire jaket ɗinsa ya ninke, ya tsaya kamar yadda ya ga dubban mutane suna tsayawa. Bugun farko sandar ta wuce ta saman ƙwallon. Na biyu ya tono tabarmar roba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan wajen bugu ashirin ya ɗauki ja, ya buga, ƙwallon ta tashi sama sosai, ta sauka can kusa da wani allo. Ya tsaya yana kallonta baki buɗe.

Ya ce, "Dakta, wannan ta zauna a hannuna. Mu koma mu biya."

Da na yi shiru a ranar, da shi ke nan. Amma na karɓi sandar, na juya ta, na ƙwanƙwasa kanta da makulli na saurari ƙarar. Na nuna masa inda kan ya haɗu da jikin sandar, na ce gam ɗin ya ɗan fito, alamar aikin gaggawa ne. Na ce ƙarfen kan zubi ne mai arha, yana iya tsagewa. Na ce sanda ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan saiti guda ba, kuma bugu ɗaya mai kyau sa'a ce.

"Baba, ku ba ni sati biyu. Zan gwada su yadda ya kamata."

Ya kalli sandar, ya kalle ni. "To, kai ka sani. Shi ya sa na kira ka."

A gidansu na ari sikelin da Mama ke auna fulawa, na auna kowace sanda. Na ɗora su a kan yatsana na nemo inda nauyinsu ya daidaita, na sa alama da tef. Na ɗaure kowace a bakin tebur, na rataya mata galan ɗin ruwa, na auna yadda take lanƙwasa. Mama tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona, hannunta a ƙugu. Da zan koma Birmingham na naɗe su uku a tsohon labule na tafi da su, don a ɗakin gwajinmu akwai na'urar da ke auna taurin ƙarfe.

Ranar da na je uni da su, katina ya ƙi buɗe ƙofar. Na goga sau uku, jar fitila. Wata ɗaliba da na taɓa koya wa amfani da na'urar ta zo wucewa, ta tambaye ni ko baƙo ne ni, tana iya kira mini wani. Ba ta gane ni ba, ko kuma ta gane ta ga ya fi sauƙi haka. Na tsaya a farfajiya da labule a hammata. Daga baya wani ma'aikacin ɗakin da muke shiri ya ce in bar masa su, zai gwada in ya sami sarari. An rage su ma, aikin mutum uku yake yi shi kaɗai. Sandunan suka yi sati uku a bayan ƙofar ofishinsa.

Ni kuwa na sami abin yi. Da na idar da sallar asuba sai in buɗe kwamfuta in karanta yadda ake ƙera kan sanda, bambancin zubi da ƙira, abin da masu saye suka rubuta a kan kowane kamfani. Na gano biyu daga cikin ukun da alama masana'anta ɗaya ke yi musu kaya, fenti ne kawai ya bambanta. Na zana jadawali. Na fara rubuta rahoto, da gabatarwa da komai, kamar wanda za a kai gaban kwamiti. In wani ɗan'uwa ya tambaye ni a masallaci me nake ciki, sai in ce ina wani ɗan consultancy, aikin ba da shawara, a Manchester.

Baba yana kira duk Lahadi bayan sun dawo daga coci.

"Dakta, ina labarin sandunanmu?"

"Saura kaɗan, Baba. Ina jiran sakamako ɗaya."

"To. Rana dai tana ta yin kyau a nan."

Bai taɓa cewa fiye da haka ba. Mama ce ta kira ni wata Alhamis, lokacin ya fita.

Ta ce, "Ɗana, ka saurare ni. Mutumin nan tun da aka sallame shi ba ya fita sai ya je ya tsaya a bakin filin nan ya dawo. Ba gasa zai shiga ba. Ko ta karye a rami na biyu, ya dai buga. Ka bar shi ya sayi jar sandarsa."

Na ce mata kuɗin sallamarsa ne, bai kamata a zubar ba. Ta ce kuɗinsa ne ai. Na ce sati ɗaya kawai. Ta ce in gaida mutanen gida in mun yi waya.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun satin farko na san amsar. Ga mutumin da bai taɓa buga golf ba, mai son zagaya fili sau ɗaya, babu wani bambanci tsakanin sandunan nan uku da zai ji a hannunsa. Duk wadda ya ɗauka za ta kai shi rami na ƙarshe. Amma in na faɗi haka aikin ya ƙare, in koma kallon bango.

Da sakamakon ya fito, shuɗiya ta ɗan fi sauran tauri, da abin da bai kai a ambata ba. Na buga rahoton a shagon buga takardu, shafi goma sha huɗu, na sa masa bango. Na hau bas da sandunan.

Baba ya karɓi rahoton da hannu biyu, ya sa tabarau, ya duba shafin farko da na ƙarshe. Ya ce, "Shuɗiya ke nan. To, Ubangiji ya saka maka." Muka tafi shagon. Mun tarar an ja ƙofar ƙarfe, an manna takardar neman mai haya. Makanikin da ke kusa ya ce dattijon ya rufe kwana goma da suka wuce, wata babbar mota ta zo ta kwashe kayan, bai san inda ya koma ba. Muka tsaya riƙe da sanduna uku na aro da babu wanda za mu mayar wa.

Baba ya ce, "Mu je filin haka nan. Da lamba bakwai ma ana iya zagayawa, na ga masu yi."

Bas biyu muka hau. Tun daga nesa na ga babu mota ko ɗaya a wurin ajiye motoci. An sa sarƙa a ƙofar, an rataya sanarwa cewa an matso da ranar rufewa saboda babu ma'aikatan da za su kula da wurin. Sati biyu ke nan da rufewa. Baba ya daina zuwa bakin filin tun wata rana da Mama ta yi masa faɗa a kan hakan, shi ya sa bai sani ba.

Ya karanta sanarwar har ƙasa. Sannan ya bi gefen shingen, na bi shi, har wani wuri da itatuwan suka yi gibi. Muka sunkuya muka shiga. Ciyawar ta kai idon sawu. Ya wuce kai tsaye zuwa lallausan wurin da ke kewaye da rami na farko, inda ya taɓa gaya mini da ɗan ƙaramin inji ake aske shi kullum da safe. Ya yi rawaya, hakukuwa sun fito, wani ya shigo da babur ya yi ta juyi a kai har ƙasa ta bayyana. Baba ya durƙusa ya cire wani haki da saiwarsa, ya cire na biyu, ya duba sauran, ya bari.

Ya miƙe ya ciro ƙwallo ɗaya daga aljihu. Ya miƙo hannu, na ba shi shuɗiya. Ya girgiza kai. Na ba shi ja. Ya ajiye ƙwallon, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ciyawa ta riƙe kan sandar, ƙwallon ta gangara 'yar tazara ta shige cikin duhuwa. Muna nemanta sai ga mai gadi da rigar kamfanin tsaro yana ɗaga mana murya da Turanci, wai nan ba wurin shiga ba ne, ko ba mu iya karatu ba. Na buɗe baki zan gaya masa wane ne wannan, Baba ya riƙe mini hannu. Ya ba mutumin haƙuri sau biyu. Aka raka mu har gibin da muka shigo.

A bas na ce, "Baba, laifina ne. Ku yafe mini."

Ya ce, "Ka ga abin da suka bari ya sami wurin nan? Sati biyu kawai."

Kafin sanyi ya shiga, takarda ta zo musu cewa za a rage tallafin haya saboda suna da ɗakin da ba kowa a ciki, ɗakin da na zauna. Baba ya nemi aiki a wuraren sayar da shuke-shuke da kamfanonin shara, ko'ina a ce masa za a kira shi. Hawan jininsa ya tashi, GP, likitan unguwarsu, ya ƙara masa magani. Daga ƙarshe suka mayar da makullin gidan suka koma wurin 'yarsu a Balsall Heath, flat a hawa na uku, su biyu a ɗaki ɗaya, jikoki uku a ɗayan.

Tsakanin Aston da Balsall Heath ba nisa, amma sau biyu kawai na je. Kunya ta hana ni. Zuwa na biyu sallama na je yi, don bizata ta kusa ƙarewa kuma babu wanda ya ɗauke ni aiki. Na same shi a kujera kusa da hita, da rigar sanyi biyu, ya rame. Jikokin suna ta surutu da Turancin Birmingham, yana ce musu su maimaita, su kuma suna dariya. Mama ta kawo mini shinkafa, ta zauna ba ta ci ba. Ya tambaye ni jirgin wace rana, ta ina zan sauka. Sannan ya sa Mama ta ɗauko wata leda da aka naɗe da tef, takalma ne da maganin ciwon gwiwa, ya ce in na sami hali in kai wa yayansa a Jos.

Sai da na yi wata biyu a gida Kano kafin na je Jos. Na sami yayan nasa a ƙofar gida, tsoho sosai, ido ɗaya ya mutu. Ya buɗe ledar, ya gwada takalman, sun yi masa yawa. Ya tambaye ni ko ƙanensa yana nan yana aikin gwamnatinsa, na ce ya huta. Ya ce madalla, to yaushe zai dawo gida, tunda ya gama? Na ce bai gaya mini ba. Ya ce in na koma in gaya masa rufin ɗakinsa yana yoyo. Na ce to, ban kuma gaya masa cewa ni ma ba komawa zan yi ba.