Turare a Kujerun Motar Mahaifina

Har yau idan na ji warin baƙin mai yana ƙonewa, sai in tuna motar mahaifina da abin da ya same mu da ita a Makka, ina yarinya.

Tsohuwar mota ce da ya saya a hannun wani attajirin Jidda. Injinta ba irin na sauran ba ne. Babu bawul a ciki, wasu bututan ƙarfe ne ke zamewa sama da ƙasa cikin mai. Shi ya sa ba ta da ƙara, sai dai ta sha mai ta yi ta fitar da shuɗin hayaki. Yaran unguwa suna kiran gidanmu gidan hayaki, abin kuwa yana cin mahaifina a rai.

Wata shekara mai tsananin zafi, malamin da ya koya masa karatu da ajami ya iso aikin hajji daga Kano ta Sudan, ƙafafunsa a kumbure. Mahaifina ya yi alkawarin kai shi Mina da Arfa a mota. Kakata ta ce ba za a ɗauki malami cikin wari ba. Ta turara motar, ta shafe kujerun fata da man wardi, yadda take gyara ɗakin baƙo. Duk muka yaba mata. Ka ji fa, mai karatu, mu mazauna Makka, ba wanda ya tuna mai harami ba ya taɓa turare.

Da safe malam ya fito cikin haraminsa, ya buɗe ƙofa, ya shaƙa, ya ja da baya. Maƙwabta na kallo. Mahaifina ya sunkuyar da kai, kakata ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam ya ce ba komai, zai taka.

"Allah gafarta malam, da wace ƙafar?" in ji mahaifina.

Ya ɗauko sifana ya kwance kujerun, ya shimfiɗa tabarma a kan ƙarfe. Malam ya zauna, ya ce, "Ɗana, hayaki bai taɓa ɓata hajjin kowa ba. Tashe ta mu tafi."

Kujerun nan suka zauna a lungunmu har aka sauko daga Mina. Duk mai wucewa sai ya shaƙa ya yi murmushi, ni kuwa na daina leƙa waje.

Yanzu lungun ma an rushe shi. Jikana ya ce yana marmarin sayen irin motar nan. Na ce a tashe ta a gabansa tun injin yana da sanyi, ya duba mai, ya nemi wanda ya iya gyaranta kafin ya saya. In ta yi hayaki, halinta ne. In kuwa ya ji tana ƙamshi, ya tambaya me ake ɓoyewa.